Hannun da Bai Shiga Rumbu Ba

Ramlat taubashiyata ce, 'yar kawuna Malam Abdussalam na Tudun Gawo, don haka duk abin da na faɗa a kanta a nan ina da hurumin faɗarsa, in kuma ta ji haushi ta san hanyar gidana. Tun muna yara nake ce mata Sarkin Taurin Kai, ita kuma tana ce mini Ikrima Rediyo, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare. Yau ga shi mun girma, kowa da iyalinsa, muna koyarwa a makarantar 'yan mata ɗaya a kan hanyar Ɗambatta, ni Hausa, ita kwamfuta.

Ƙauyenmu irin waɗannan ne da baƙo ba ya gane inda ɗaya ya ƙare wani ya fara. Gona manne da gona, layin gamba ne kawai a tsakani. Kawu manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a tsakankani. Amma da an kai amfani gida sai ya share zaure, ya feƙe alƙaluman gamba, ya haɗa tawada, ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka har damina ta sake kewayowa. Ba ya cikin malaman da ake zuwa ɗauka da mota. Sai dai daga nan har Bici, duk wanda ya san rubutu in ya ga shafinsa zai ce wannan hannun Malam Abdussalam ne.

Hannu biyu gare shi, kuma ba dama da hagu nake nufi ba. Akwai wanda yake rubuta saƙo da shi da ajami in zai aika wa mai taki ko tela, wani irin tsutsa-tsutsa da shi kansa sai ya ƙura ido kafin ya karanta. Sannan akwai ɗayan, mai kauri, mai zama daram a kan layi, wanda ba ya fito da shi sai da alwala. Ban taɓa ganin ya rubuta ko sunansa da wannan hannun ba.

Yayyen Ramlat maza sun bi kasuwar hatsi. Ita ce ta nace wa karatu, ta sauke a gaban mahaifinta, ta gama sakandare, ta tafi kwalejin ilimi ta Bici ta karanto kwamfuta. Ta auri Sha'aban, wani mai noman albasa a Watari, mutum mai sauƙin kai da yawan dariya, wanda har gobe in an tambaye shi aikin matarsa sai ya ce, "Tana danne-danne."

Shekarar da wata ƙungiya ta ba makarantarmu tsofaffin kwamfutoci, kowa ya ɗauka ado ne za a jera don masu zuwa duba makaranta. In ka kunna ɗaya sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta farka. Ramlat ta goge abin da ke cikinsu kaf, ta ɗora musu Linux, wani tsari marar nauyi da ake bayarwa kyauta, sai ga gyatumai sun miƙe suna gudu. Daga nan ta shiga farautar manhajojin koyarwa a intanet.

A nan na fara jin maganar ƙunshi. Ashe manhaja ba ta zuwa haka nan tsirara. A ƙunshe take zuwa, fayiloli da yawa a ɗaure wuri ɗaya, tare da bayanin inda za a ajiye kowanne a cikin kwamfuta. Kuma ƙunshin iri-iri ne. Namu injinan wanda ake kira deb suke karɓa, ita kuwa manhajar da Ramlat ta ƙwallafa rai a kai, ta koyar da karatun Larabci da hotuna da murya, a ƙunshin rpm masu ita suka sake ta. Na ce mata ta haƙura. Ta ce, "Kai dai Rediyo. In Inna ta sayo daddawa a ganye ta sake ƙulla ta a leda, daddawar ta canza ne?" Ta kwance ƙunshin, ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta gyara wa kowanne mazauni yadda namu tsarin yake so, ta sake ɗaurewa. Ya ƙi, ta sake. Ya nemi wani abu da babu, ta je ta sauko da shi. Kafin hutun ƙarshen zango manhajar tana magana a ajinta.

Ranar gwaji na leƙa ta taga, don ba na so a yi abu ba ni. Hoton giwa ya fito a fuskar kwamfuta, ga kalmar Larabci a ƙarƙashi. Ramlat ta ce, "Ku karanta." Aji ya ɗauka baki ɗaya, da ƙarfi, da murna: "Ƙilu!" Muryar cikin injin ta ce, "Filu." Hoton doki ya fito, yara suka ce "Ƙarasu," inji ya ce "Farasu." Na yi dariya har sai da na riƙe ƙarfen taga.

Ramlat ba ta yi dariya ba, domin ta gane yaran ba kuskure suka yi ba. Duk a allo suka fara karatu, kuma a rubutun allo ɗigon fa a ƙasa yake, harafin da ke da ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne. Manhajar kuwa da rubutun Gabas ta zo, inda fa ke ɗauke da ɗigonsa a ka. Abin da aka koya musu a gida daidai ne, abin da injin ya nuna shi ma daidai ne, amma yaran sun tashi suna ganin kamar karatun gidansu ne gurgu. Wata ma cewa ta yi ashe malaminsu na allo bai iya ba. Wannan maganar ita ta hana Ramlat sukuni.

Maganin, in ji ta, shi ne zubin haruffa. Kwamfuta ba ta da rubutun kanta, akwai wani fayil da ke ɗauke da surar kowane harafi, daga can take ɗebowa. In aka ba ta fayil mai rubutun allo, da shi za ta rubuta. Yara su fara da wanda suka sani, daga baya a nuna musu na Gabas a matsayin ɗan'uwansa. Abin da ta iya samu a lokacin bai kwanta mata ba. Akwai kuma abin da ba ta faɗa ba amma duk mun gani: hannun Kawu ya fara rawa. Rubutun da yake gamawa a rani ɗaya ya koma cin rani biyu, in ya ɗauki moɗa sai ruwa ya zuba masa a riga.

Ta je ta durƙusa a zaure ta roƙe shi ya rubuta mata haruffa, kowanne a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe da kuma shi kaɗai. Ya yi ta tambaya har ya gamsu, sannan ya yi alwala ya fara. Da safe kawai yake iyawa, kafin rawar ta tashi. Wata rana ya samu 'yan haruffa, wata rana ya yaga takardar ya ce ba shi ba ne. Ranin nan kaf a kan wannan ya ƙare. Ita kuma tana ɗaukar hoto da waya, tana bin gefen kowane harafi a kwamfuta a hankali, har da ɗan kumburin da tawada ke yi inda alƙalami ya tsaya.

Ranar da ya miƙa mata takarda ta ƙarshe ina wurin, matarsa Inna Hure kuma tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Ya ce, "Ku shaida, wannan na ba da shi waƙafi saboda Allah. Kada a sayar. Kada a gusar da ɗigo daga inda na sa shi. Kuma kada a rubuta komai da shi sai Alƙur'ani da ilimi." Muka ce mun shaida, Allah ya karɓa. A lokacin babu wanda ya ga wata matsala a cikin maganar, ni har daɗi ta yi mini.

Rigimar farko da inji aka yi ta. Don manhajar ta ɗauki rubutun Kawu ba gardama, Ramlat ta yi wayo: ta ƙulla shi a nasa ƙunshin, ta sa masa sunan fayil ɗin haruffan da manhajar ta zo da shi, ta ce a ajiye shi a wurin wancan. Inji ya ce bai san zancen ba. Wurin nan yana da mai shi, ƙunshi biyu ba za su mallaki fayil ɗaya ba. Ta ce mini, "Ka ji fa, wai conflict, rikicin wuri." Na ce ai da gaskiyarsa, ita ma in ta tarar wani ya shuka gyaɗa a kunyar gonar mijinta ba shiru za ta yi ba. Ta ce in tafi in koyar da nahawuna in bar ta.

Akwai hanyar tilasta wa inji, kuma Sarkin Taurin Kai ta bi ta. Ya yi aiki. Giwa ta sake fitowa da fa mai ɗigo a ƙasa, baƙi wuluk, mai kauri. Yara suka ce "Filu" tun kafin injin ya buɗe baki, wata ta ce, "Laa, Malama, rubutun allo!" Ramlat ta juya ta fuskanci bango kamar tana gyara wayar wuta.

Murnar ba ta kai ƙarshen shekara ba. Masu manhajar suka fitar da sabuwa, ta sauko da ita, ta sake mata ƙunshi, ta ɗora a kan dukkan injinan da irin tilascin da ta saba. Sabon ƙunshin ya tarar da baƙo a wurinsa, ya kwanta a kansa. Da aka kunna babu hannun Kawu a ko'ina. Tana da kwafi a gida, ba ɓacewa ya yi ba, amma na ga fuskarta ranar, kuma ban tsokane ta ba. Ta ce, "Ikrima, aikin rani guda, inji ya share shi bai ko tambaye ni ba. Laifina ne, gonar aro na sa shi." Daga nan ta ba shi sunan kansa, Hannun Malam, ta yi masa nasa mazaunin, ta gyara manhajar ta riƙa zuwa can tana ɗauka. Lasisin manhajar ya yarda da haka, kowa na iya gyarawa muddin zai bar wa na bayansa irin wannan damar.

Labari ya bazu. Malamai daga Bici da Ɗambatta suka riƙa aiko da filashi a zuba musu. Ramlat ta ce wannan ba hanya ba ce, filashi nawa za ta cika? Akwai wani rumbu a intanet, na 'yan sa-kai, inda duk mai irin tsarinmu ke ɗebo manhaja. In Hannun Malam ya shiga can, malamin da ke Borno ko Nijar zai same shi ba tare da ya san Tudun Gawo ba, kuma ko injinanmu sun mutu, ko ita kanta ta mutu, yana nan ana kula da shi. Abin da take so ke nan, ta faɗa mini ƙarara: kada hannun babanta ya bi shi kabari.

Ta aika. Wata mata daga cikin masu kula da rumbun ta amsa cikin ladabi, ta yaba ƙunshin, ta ce ba ta ga abin gyara ba. Saura abu ɗaya, lasisi. Duk abin da zai shiga rumbu sai mai shi ya yarda kowa ya yi amfani da shi a kowane irin aiki, ya gyara in ya so, ya sayar in ya ga dama. Ba raini ba ne, in ji ta, da wannan alkawarin aka gina rumbun, kuma mutane sun dogara da shi.

Sha'aban ya ji labarin yana ɗinke buhunan albasa. Ya ce, "To ke ki ce ya yarda mana. Wa zai je ya gaya wa Malam, shi da ko waya sai an danna masa?" Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayin matarsa ne, ya ga abincin kirki ma ta daina ci. Ta ce masa, "Ni zan sani."

Ta tafi zaure, ta ja ni in zama shaida, ta yi wa Kawu bayani ba ta ɓoye komai ba. Ya saurara, hannunsa na dama a ƙarƙashin cinya don kada mu ga yadda yake kaɗawa.

"Maganar sayarwa," ya ce, "abin da na gudu shi ne wani ya mallake ya hana mutane. Zai iya?"

"Ba zai iya ba, Baba. Ko ya sayar, na kyauta yana nan."

"To ba mu saɓa ba. Ɗigo fa? In wani ya gusar?"

"Za a iya sa masa dole ya cire sunanka. Wannan sharaɗin kam rumbun ya yarda da shi."

"In babu sunana ba nawa ba ne, ya je da alhakinsa. Saura na ukun. Kika ce kowane irin aiki?"

"Kowane iri, Baba."

"Mai tallar sigari?"

"Zai iya."

"Ɗan siyasa ya zagi abokin hamayyarsa ya manna a bango, yara su yage, a taka?"

Ta sunkuyar da kai. Can sai taurin kan ya motsa, ta ce, "Baba, haruffan nan ai na kowa ne. Da su Larabawa ke rubuta rasit da sunan shago. Kuma masu ɓarna kaɗan ne, masu karatu sun fi su nesa ba kusa ba."

"Haruffa na kowa ne, gaskiyarki. Hannun nawa ne." Ya fito da shi ya ɗora a gwiwa, yana rawa, bai ƙara ɓoyewa ba. "Tun ina saurayi ban taɓa sa shi wani aiki ba. Ban je Makka ba, ban gina masallaci ba. Wannan kaɗai nake da shi da zan nuna gobe. Na san so kike ya daɗe, Allah ya yi miki albarka. Amma ki bar ni da wannan ɗayan, Ramlatu."

A raina ina ganin Kawu ya tsananta, har yau ma wani lokaci ina ganin haka, amma ba zan ce bai san abin da yake yi ba. Ramlat ta ce, "To, Baba." Ta sanar da matar rumbu cewa ba zai yiwu ba. Matar ta ce ta fahimta, in abu ya sauya ta sake tuntuɓarta.

Abu kuwa ya sauya a daminar da ta biyo. Gero na fitar da kai Kawu ya kwanta, kafin girbi muka kai shi makwancinsa. Allah ya ji ƙansa. Bayan an tashi daga zaman makoki, babban wan Ramlat, Abdulhadi, ya kira ta gefe. Ya ji zancen rumbu, wani kuma ya gaya masa haƙƙin irin wannan aiki hannun magada yake komawa. Ya ce su duka sun amince, ta sa hannu a madadinsu. "Sadaka mai gudana za mu yi masa. Duk wanda ya karanta da shi, lada na isa kabarinsa. Ke ba kya son haka?"

Tana so. Wallahi babu wanda ya kai ta so, kuma da ta aika babu mai tuhumarta. Amma ta ce masa, "Yaya, waƙafi ba ya shiga gado. Kuma da kunnena na ji ya ce in bar shi da wannan. Yanzu da ba zai iya cewa a'a ba, shi ne zan ce ya ce e?" Abdulhadi ya yi fushi, ya ce boko ne ya sa mata iyayi, ya daɗe bai leƙa gidanta ba.

Hannun Malam ya ci gaba da tafiya a filashi, kuma ba ta zuba wa kowa sai ta faɗa masa sharaɗin baki da baki. Amma tafiyar gajera ce, ba ta wuce inda babur ke kaiwa. Manhajar da ta sake wa ƙunshi ta shiga rumbu ita kaɗai, da rubutun Gabas. Abin na cin Ramlat, domin ta san a wani ajin da ba ta taɓa gani ba yara na can suna cewa ƙilu ana yi musu dariya.

Da rani ya shigo ta yanko gamba ta feƙe nata alƙalamin. Ta ce za ta rubuta haruffan da hannunta ta ba rumbu, ba sharaɗi. Ita ba ta yi wa kowa alkawari a kan nata hannun ba, komai rubutawa take da shi. Matar rumbu ta yi murna, ta yi tambaya ɗaya: sabon aikin nata ne daga tushe, ko daga na mahaifinta aka ciro shi? In an ciro ne, sharaɗinsa na biye da shi.

Ramlat ta rufe fayil ɗin Kawu ta daina buɗewa, ta mayar da takardunsa ɗakin Inna Hure. Amma ta ina za ta rufe hannunta? Shi ya kama yatsunta ya ja mata alif na farko. Ta rubuta harafin kaf, sai ga kaf ɗinsa, har da 'yar karkatar nan ta kansa. Ta rubuta nun, cikinsa ya sauka daidai inda nasa ke sauka. Shekara da shekaru tana fatan rubutunta ya yi kama da nasa, yanzu da yake yi ɗin dole ta yaga. A doka wataƙila babu laifi, tunda ita ta rubuta. Amma ba dokar take tsoro ba. Tsoronta wani ya ga tallar sigari a bango ya ce ga hannun Malam Abdussalam.

Haka ta yi ta fama, tana koya wa kanta rabuwa da shi harafi bayan harafi. Ta rage kaurin alƙalami, ta miƙar da abin da yake lanƙwasawa, ta gajarta wutsiyoyi. Ɗigon fa dai ta bar shi a ƙasa, don wannan na duk masu allo ne. Na ga aikin yana tafiya, kuma in faɗi gaskiya bai kai nasa kyau ba. Tsaf yake, yaro ba zai ruɗe ba, amma babu wannan nauyin. Ban faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaye ni ba, wai idona na boko ne.

Wadda ta tambaya Inna Hure ce. Duk Tudun Gawo babu wanda ya san rubutun Kawu kamarta, ita ke jera masa shafuka su bushe tun tana amarya. Wata Asabar da hantsi Ramlat ta buga shafi guda da sabon zubin, na raka ta gida. Muka tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ramlat ta durƙusa ta miƙa mata takardar.

"Inna, don Allah duba mini. Wannan hannun wane ne?"

Inna ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta kai takardar nesa da ido, ta sake matso da ita. Ta bi layin farko da yatsa, leɓenta na motsi. Ta daɗe. Ramlat ta dafe ƙasa da hannu biyu, kuma na rantse ban san wace amsa take roƙo a ranta ba.

"Yana karantuwa," in ji Inna. "Wa ya rubuta? Ba ɗan garin nan ba ne."

"Bai yi kama da na Baba ba?"

"Na Malam?" Inna ta sake dubawa, ta girgiza kai, ta miƙa mata abarta. "Haba, Ramlatu, ko kusa. Mai wannan bai taɓa zama a gabansa ba."

Ramlat ta ce, "Alhamdu lillahi. Na gode, Inna." Ta miƙe ta shiga zaure, inda babu kowa yanzu sai tabarma a naɗe, ta ja ƙofa. Inna ta dube ni ta ce, "Me na ce, Ikrima?" Na ce ba komai, Inna, daidai kika faɗa. Daga nan muna jin kukanta, ba ta ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, irin wanda ko ranar jana'iza ba ta yi ba.

Da ta fito ta wanke fuska a bakin randa, ta ce in tashi mu tafi, yau za ta aika. A wurin da ake sa sharaɗi ta rubuta cewa kowa ya yi abin da ya ga dama da shi.